Fitilu Ukun Tungar Rimi

Matan da suka fita ɗibar ruwa ranar Talata da safe su suka fara gani. Falwaya uku a jere, daga kwalbati zuwa gindin ɗorawa, suna tsaye tsirara, babu kan fitila ko ɗaya a bisansu. Kafin hantsi ya ɗaga duk Tungar Rimi ta taru a bakin sabon titi, kowa ya ɗaga kai yana duban sama kamar fitilun za su dawo da kansu.

Wata biyar ke nan da kafa su. Gwamnati ce ta zo da shirin da ta ce zai mai da ƙauye birni. Ta shimfiɗa kwalta daga hanyar Zuru har ƙofar coci, ta dasa fitilu goma sha biyu masu cin hasken rana, ta kuma yi alkawarin rijiyar burtsatse da ɗakin shan magani in damina ta wuce. Mutanen Tungar Rimi sun riƙi fitilun nan kamar 'ya'yan cikinsu. Duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya gani, ko da rana tsaka ce.

Shi ya sa zargi bai ɗauki lokaci ba.

"Wa ke da tsani da sifana a garin nan in ba Justice mai walda ba?" in ji wata mata.

"Justice hannu ne kawai," wani saurayi ya amsa. "Ku je Zuru shagon Fidelis, ku ga in ba ku tarar da su a kan kanta ba."

Mai gari Francis ya ga maganar na neman yin zafi, ya aika a kira Ezekiel.

Ezekiel tsohon soja ne, kowa Baba Saje yake ce masa. Kafin ya sa kaki ya yi farauta da ubansa a duwatsun nan, bayan ya tuɓe kakin kuma ya koma ga abin da ya fi iyawa, wato bin sawu. Daga Sakaba har Bena, in saniya ta ɓata shi ake nema. Ya iso a hankali yana dogara sandarsa, ya dubi taron, ya dubi ƙasar da suka tattake, ya girgiza kai.

"Kun yi wa ɓarawo shara," ya ce. "Allah ya saka muku."

Bai rufe baki ba motar shirin ta tsaya. Injiniya Hafsat ta fito, yarinya doguwa mai hular kwano a kan mayafinta, wadda ta yi wata biyu a garin lokacin aikin titi har ta koyi gaisuwa da C'lela, yaren mutanen garin. Ta gaida manya, ta dubi falwayan, fuskarta ta canja.

"Ranka ya daɗe, ba zan ɓoye maka ba," ta ce wa mai gari. "Dokar shirin ita ce, garin da ya kasa tsare abin da aka ba shi, a cire shi daga zagaye na biyu. Ranar Juma'a zan kai rahoto. In na rubuta sata, rijiya da ɗakin magani wani gari za su tafi."

Daga Tungar Rimi zuwa asibitin Zuru, mace mai naƙuda a bayan babur ake ɗaukarta. Kowa a wurin ya san sunan wadda ba ta kai ba.

"Saje," mai gari ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "kwana uku gare ka."

*

Ezekiel ya kori kowa zuwa ƙetaren titi, ya zagaya bayan falwayan, ta gefen gonar dawa, inda ba wanda ya taka. An yi yayyafi ranar Litinin da yamma, ƙasa ta yi laushi, duk abin da ya taɓa ta ya bar shaida.

Abu na farko da ya nema bai samu ba. Tsani yakan bar ramuka biyu a gindin abin da aka jingina shi, nan kuwa babu. Ya shafa jikin ƙarfen, ya ji inda fenti ya goge a zagaye, daki-daki har sama. Sai ya ga wani faffaɗan dutse kusa da falwaya ta tsakiya, an jera notuna goma sha biyu a kansa, huɗu-huɗu, kowanne da ɗan zoben ƙarfensa.

Ya daɗe a tsugune yana kallonsu. Ya bi ɓarayi iri-iri a rayuwarsa, amma bai taɓa haɗuwa da wanda zai tsaya jera noti ba.

Sawun kuwa na mutum ɗaya ne, ba takalmi. Ya shiga gonar sau uku, ya fita sau uku, a kowace fita dunduniyarsa ta fi nutsewa saboda kaya. Ya bi tsakanin kunyoyi bai taka shuka ko ɗaya ba. A wuri guda kawai kayan ya bugi wani kara ya lanƙwasa shi, mutumin ya ajiye kayansa, ya miƙe karan, ya ɗaure shi da zaren rama a jikin na kusa da shi. Daga ƙarshen gonar sawun ya hau shimfiɗaɗɗen dutsen da ke gindin tudu, ya ɓace.

A bakin titi kuma akwai sabon sawun babur, tayar baya da faci. Garin duka ya san mai wannan facin.

*

Ya sami Justice a rumfarsa yana gyaran ƙofar wani rumbu. Magidanci ne mai 'ya'ya biyu, ƙato, amma yau ya zama kamar kazar da ruwa ya doka.

"Baba Saje, wallahi na rantse da Littafi Mai Tsarki..."

"Ajiye rantsuwa tukuna. Me babur ɗinka ya tsaya yi a kwalbati?"

"Da asuba na fita kai wa wani garma Dirin Daji. Na ga wurin ba haske, na tsaya na duba, na ga ba fitilu. Na ce in na buɗe baki ni za a fara kamawa, sai na wuce."

"Ga shi ba ka buɗe ba, kai aka fara kamawa. Ina tsaninka?"

Justice ya nuna bayan rumfa. Tsanin na kwance cikin ciyawa, yaɗon kabewa ya nannaɗe shi tun daga ƙasa har sama, har da 'ya'ya biyu.

"Ai da kai aka kafa fitilun nan," Ezekiel ya ce. "Kai ka ɗaure su a sama?"

Justice ya waiga hagu da dama, ya matso.

"Baba, don Allah kar ta fita. Gindin kawai na yi. Ni ko kan katanga na hau, jiri ke ɗibata. Ranar da injiniya ta ce in hau, ce mata na yi cikina ya ɓaci."

Matarsa, da ke tankaɗe a bayan zana, ta fashe da dariya.

"Gaskiya ya faɗa, Baba! Ko rufin ɗakinmu ni nake hawa."

Ezekiel ya danne tasa dariyar da ƙyar. Ya dubi ƙafafun Justice, manya ne, sun fi sawun gona da yatsu uku.

"Ci gaba da aikinka," ya ce. "Amma gobe in ka ga ɓarna, ka yi ihu. Shirun nan naka ya kusa jawo maka duka."

*

Ranar Laraba ya hau mota zuwa Zuru. Shagon Fidelis na bayan tasha, cike da batura da wayoyi da faifan sola, amma ƙofar rabi a rufe take. Fidelis na zaune a ciki, matarsa Ngozika na tsaye a bayansa da hannu a ƙugu.

"Oga Saje, ka zo kama ni?" Fidelis ya ce. "Yaranku sun riga ka. Jiya su shida suka zo, suka ce in ban fito da fitila ba za su sa wuta."

"Gaishe ka na zo yi, in kuma tambaye ka."

Fidelis ya miƙe, ya jawo wani kwali, ya buɗe. Kan fitila ne sabo, baƙi.

"Wannan suka gani suka fara ihu. Duba. Nawa baƙi ne, na gwamnati fari ne, da lamba a jiki da tambarin shirin. Wanda ya kawo mini irin wancan, ni da kaina zan kai shi caji ofis." Ya rufe kwalin. "Shekara talatin da ɗaya ina garin nan. A nan na haifi yarana duka. Sa'ad da cocinku ba wuta, wa ya haɗa muku sola? Yau abu ya ɓata, sai aka tuna ni baƙo ne."

Ngozika ta ce, "Bai ci abinci ba tun jiya."

Ezekiel ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Wannan ya fi satar yi masa ciwo.

"Fidelis, in mutum ya kwance fitilar nan don ya sayar, zai bar notunan?"

"Bari? Ai noti ɗin na musamman ne. Ba shi, ba ɗaurawa. Ɓarawo na gaske har ƙarfen da ke riƙe ta zai yanke."

"To wanda ya jera su a kan dutse fa?"

Fidelis ya yi ɗan tunani.

"Wannan yana da niyyar mayarwa ne."

"Haka nake gani. Gobe Alhamis da safe ka zo Tungar Rimi, gindin rimi. Ina son ka zauna kusa da mai gari."

"In zo a jefe ni?"

"Ka zo a ba ka haƙuri. Yanzu dai ka ci abinci, in kuma da ragowa a miƙo mini, ni ma ban karya ba."

Ngozika ta harare shi, sannan ta juya ciki tana ɗauko kwanuka biyu.

*

Ya dawo da azahar, ya koma shimfiɗaɗɗen dutsen da sawu ya ɓace. Dutse ba ya riƙe sawu, amma daga sama mutum kan ga hanyoyin da ƙafa za ta iya bi. Sai ya fara hawan tudun, yana hutawa, yana zagin gwiwoyinsa, har ya kai wani ƙaton dutse da ya leƙo kan garin. Ya zauna yana haki, ya dubi ƙasa.

Ba hanyar ɓarawo ya gani ba.

Farkon Satumba ne, dawa ko'ina ta ɗauki ciki, wata ma ta fara fid da kai, gonaki sun yi haske-haske daga sama. Amma a bakin sabon titi, a gindin kowace falwaya, akwai da'ira mai duhun kore, kamar an kifa faifai. A cikin da'irar dawa ta fi ko'ina tsawo, ganye ya yi luf-luf, amma ba kai ko ɗaya. Ya ƙirga da sandarsa. Inda fitila ke kusa da gida ko fili, ba komai. Inda take bakin gona, da'ira. Yawancin gonakin manya ne, fitila ta ɗan ci gefensu ne kawai. Gona ɗaya ce siririya, ta bi titi a tsaye daga kwalbati zuwa ɗorawa, da'ira uku sun haɗe sun cinye ta ɗungurungum.

Gonar Leah ce, matar marigayi Bawa.

Ya sauko ya nufi gidanta. Ya tarar da ita tana ɓarar gyaɗa a inuwa, tsohuwa ƙarama mai ƙarfin hannu, wadda ba ta taɓa neman taimakon kowa ba tun da mijinta ya rasu shekara tara da suka wuce.

"Maman Gladys, ya dawa bana?"

Hannunta ya tsaya.

"Ka gani ai, Saje. Ta ƙi. Ta yi tsawo kamar za ta taɓa sama, amma ba ciki. Na sa taki, na yi noma uku, na kira fasto ya yi addu'a." Ta share ido da gefen zane. "Irin Bawa ne, jar dawar da ya gada wurin ubansa. Shekara tara ina ajiye shi. Gonar daji kuwa ka san ba mai zuwa tun da 'yan bindiga suka fara. Wannan ce kaɗai. In ta ƙi, ba abinci, ba iri. 'Yata Gladys na can bariki da mijinta, nasu ma da ƙyar yake isa."

"Wa kika faɗa wa?"

"Wa zan faɗa wa? A ce Leah ta tsufa ta manta noma?" Ta ci gaba da ɓara. "Philemon ne kawai. Ya kawo mini zuma wancan mako, ya same ni ina kuka a kunya. Bai ce komai ba, ka san shi. Ya tsaya yana kallon sama, ya tafi."

Ezekiel ya san shi kuwa. Shi da Philemon da Bawa tare suka yi golmo, wato aikin neman aure, shekara bakwai suna noma gonakin surukai. Philemon bai yi sa'a ba, matarsa ta rasu a haihuwar fari, bai sake aure ba. Ya koma kiwon zuma, yana rataya amya a ƙololuwar bishiyoyin da ba tsanin da zai kai. Da igiya yake hawa, ba takalmi.

"Me ya sa kake tambaya?" Leah ta ce.

"Gobe da safe ki zo gindin rimi."

Daga nan bai nufi gidan Philemon ba. Ya tsaya a mararraba yana duban hanyar, ya daɗe, sannan ya aika masa da saƙo ta bakin mai gari kamar kowa.

*

Ranar Alhamis gindin rimi ya cika. Mai gari Francis na kan kujerarsa, Hafsat a damansa da littafinta, Fidelis a hagunsa ya haɗe rai. Justice ya raɓe a gefe. Philemon na can baya a kan saiwa, siriri, furfura fat, yana murza igiya kamar ba da shi ake ba.

Ezekiel ya miƙe.

"Justice bai hau ba. Dalilinsa nasa ne, na kuma gamsu. Fidelis bai saya ba, bai gani ba, waɗanda suka je shagonsa da maganar wuta kuma za mu dawo kansu. Yanzu kowa ya tashi ya biyo ni."

Ya kai su bakin titi, ya tsaya a gindin wata fitila da ba a taɓa ba, a gefen gonar mai gari. Ya sa a lanƙwaso kara ɗaya daga nan, a lanƙwaso wani daga taku talatin cikin gona. Na ciki ya kumbura, kai na shirin fitowa. Na gindin fitila ganye ne zalla.

"Rana ɗaya aka shuka su," ya ce. "Ku manoma ne, kun fi ni sani. Dawarmu ba ta ɗaukar ciki sai dare ya fara tsawo. To wadda ke ƙarƙashin fitila, yaushe rabonta da ganin dare?"

Guna-guni ya tashi. Mutane suka bazu suna lalubar karan gonakinsu. Hafsat ta koma gefe da wayarta, ta kira wani malaminta na aikin gona, ta yi magana a taƙaice, ta dawo jikinta a sanyaye.

"Gaskiya ne," ta ce. "Ya ce sananne ne. Mu da muka zana aikin, tazarar mita muka auna, ba wanda ya yi tunanin gona."

"Wanda ya sauke fitilun nan," Ezekiel ya ci gaba, "bai ɗauki na bayan kasuwa ba, inda ba mai ganinsa. Ya ɗauki uku, duka a kan gona ɗaya. Ya jera notunan don a mayar. Ya lanƙwasa kara ɗaya, ya tsaya ya ɗaure shi. Kuma bai zo da tsani ba."

Idanu suka fara juyawa wajen Leah. Ita kuwa ba su take kallo ba. Ta waiwaya baya sau ɗaya, ta ga wanda ke tsaye da igiya a kafaɗa, nan take ta gane. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta fito tsakiya.

"Ni ce," ta ce da ƙarfi. "Gonata ce, ni na sauke su. A rubuta sunana."

"Ke kika hau, Maman Gladys?"

"Ni na hau."

"Da me?"

"Da... da ƙafata mana!"

Wani ya tuntsire da dariya, wasu suka bi shi. Kafin ta lafa, Philemon ya ratso taron a hankali, ya tsaya kusa da ita.

"Koma ki zauna, Leah. Ƙarya ba ta yi miki kyau." Ya juya ga mai gari. "Ranka ya daɗe, suna cikin rumbuna, na naɗe su da buhu, ko ƙwarzane babu. Daga kan ɗorawa na ga abin, ina duba amya. Nufina in an yi girbi in mayar."

"To me ya hana ka faɗa?" wani ya yi ihu. "Ka kusa jawo mana asarar asibiti!"

Philemon ya juya ya kalli mai gari. Francis ya sunkuyar da kai, ya share gumi.

"Ya faɗa," ya ce. "Sau biyu ya zo gidana. Na ce masa tsufa ne ke damunsa, ci gaba ya zo yana ƙyashi. Na ce kar ya kuskura ya kai wa injiniya wannan magana, ta ɗauke mu mutanen daji."

Sai Fidelis ya yi gyaran murya.

"Injiniya, fitilun nan ba su zo da rimot ba?"

Hafsat ta amsa a hankali.

"Sun zo da shi. Yana cikin kwali a sito."

"To," Fidelis ya ce, ya baza hannu. "Ka tsaya a ƙasa, ka danna sau ɗaya, fitila ta yi barci har ranar da ka tashe ta. Da wani ya zo shagona da tambaya, ba da ashana ba, da tun watan jiya an gama."

Philemon ya dube shi, ya dubi dogon ƙarfen da ya hau da shekara sittin da takwas a wuyansa.

"Kana nufin dannawa kawai ake yi?"

"Sau ɗaya, Baba."

"Ni kuwa na kusa karya wuyana sau uku."

Wannan karon har Hafsat sai da ta riƙe ciki. Da dariya ta lafa, ta buɗe littafinta.

"Abin da zan rubuta shi ne, an samu fitilu uku lafiya, an kuma gano matsala a tsarinmu. Duk fitilar da ke bakin gona za a kashe ta daga Agusta har girbi, a nan da sauran garuruwan shirin. Ban ga sata ba. Amma Baba Philemon, ka tayar wa gari hankali."

Mai gari ya yanke hukunci a take. Philemon zai mayar da fitilun da hannunsa, a gaban kowa. Zai kuma roƙi gafarar Justice da Fidelis. Samari shidan nan kuwa za su je Zuru ranar kasuwa, su tsaya a ƙofar shagon su ba da haƙuri da babbar murya, shi mai gari zai raka su, don shi ma yana da nasa laifin.

Philemon ya je gaban Fidelis zai durƙusa, Fidelis ya tare shi.

"Haba Baba, tashi. Ka kawo wa madam zuma kwalba ɗaya, ita ce ta fi ni fushi."

*

Da yammacin ranar aka kawo rimot daga sito. Philemon ya tuɓe takalmi, ya zagaya igiyarsa a falwaya ta farko, ya fara hawa daki-daki, Justice na ƙasa yana miƙa masa noti a leda, ko kallon sama ba ya iya yi. Leah ta tsaya dab da gindin ƙarfen, ta ƙi matsawa duk da an yi mata magana.

"Tsohon banza," take cewa, idonta a kansa. "Riƙe da kyau! Wa ya aike ka? A hankali, na ce!"

Dawar ta makara, amma ba ta mutu ba. Ruwa ya yi mata alheri ya kai ƙarshen Oktoba, ta fid da kai ƙanana, ta ba da kamar rabin abin da ta saba. Iri ya tsira, sauran kuma maƙwabta suka cika mata rumbu ba tare da sun tambaye ta ba. Kafin Uhola, bikin ƙarshen girbi, motar haƙa rijiya ta iso, aka kuma fara zuba harsashin ɗakin shan magani.

Wata safiya cikin girbi, Ezekiel na tafe a hanyar gona ya ga sawu biyu a kan yashi, babba da ƙarami. Ba ɗaya na bin ɗaya ba ne, kafaɗa da kafaɗa suke tafiya, babban ma ya rage takunsa don ya yi daidai da ƙaramin. Ya bi su da ido har gindin ɗorawa. Ga Philemon yana ɗaure dami, ga Leah ta ajiye masa ƙwaryar kunu a inuwa.

Ta ɗago ta ga inda yake kallo.

"Saje," ta ce, "wani ya kawo maka ƙara ne?"

"Ko ɗaya, Maman Gladys."

"To ɗauke idonka daga ƙasa, ka zo ka kama masa damin nan. Fasto ya ce zai ɗaura mana aure bayan Kirsimeti, kuma kai ne shaida."